I'inar Kwamfutar Baba

Kwana uku Baba ya yi yana amsa gaisuwa da ka kafin Auta ta gane ba mura ke damunsa ba. In ta ce masa ina kwana, sai ya ɗaga hannu. In ta tambaye shi cokali nawa na sukari za ta zuba masa a shayi, sai ya nuna yatsu biyu. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana sanarwa a tashar jirgin ƙasa, wanda in ya buɗe baki a lasifika har 'yan dako sukan tsaya da kaya a ka su saurara, shi ne yau ya koma magana da yatsu a falonsa. Da farko abin tsoro ya ba ta. Da ta gano dalilin kuwa, sai tsoron ya koma haushi.

Dalilin yana nan kan teburin da ke bakin taga: wata tsohuwar kwamfuta baƙa, wadda aka ɗaure gefen murfinta da salatif. Ɗakin karatu na makafi ne ya nemi masu murya su riƙa karanta littattafai ana naɗa, Baba kuma da zaman ritaya ya ishe shi ya miƙa sunansa. Aka ba shi wani littafi a kan tsuntsaye, aka ce ya turo babin farko ranar Juma'a a ji, in muryar ta yi sai a bar masa littafin gaba ɗaya. Ka ga ɗoki wurin dattijo. Ya sayi makirufo, ya rataya bargo a taga don ƙarar motoci, ya hana kowa buɗe famfon kicin in yana ciki. Ya karanta shafi goma sha biyu ba tare da ya ko yi tari ba. Da ya kunna don ya ji, sai muryarsa ta fito tana cewa, tsun-tsun-tsuntsaye ma-ma-masu ƙaura. Ya saurari minti ɗaya, ya rufe murfin, ya rufe bakinsa.

Auta ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi i'ina ba. Abin da ta sani a bakin marigayiya mahaifiyarsu ta ji shi, sau ɗaya tak, cikin raɗa: wai yana yaro i'inarsa ta kai in malami ya kira sunansa a aji sai an wuce mutum uku kafin ya amsa, kuma shi kaɗai ya yi ta fama da ita har ya kayar da ita ya samu aikin da babu abin da ake yi a cikinsa sai magana. A gidan ba a tayar da zancen. Shi ya sa da ta tsare shi ranar Litinin da yamma, ta dawo daga aikinta na ɗakin magani a asibiti ko takalmi ba ta cire ba, ta ce ba za ta tashi ba sai ya faɗa mata abin da ke faruwa, kalma biyu kawai ya iya ba ta.

"Ta dawo."

Ta buɗe kwamfutar ta saurara, ta yi tsaki. Ta ce masa wannan ai na'ura ce ke sarƙewa, kowa ya san haka, ita da ke zaune da shi kullum da ta ji. Baba ya jawo takarda ya rubuta mata amsa, don yanzu har gardama a rubuce yake yi. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana aiki da na'ura, ba a taɓa samun ranar da lasifika ta ƙara masa harafi ko ɗaya ba, abin da ka ba ta shi take mayar maka. A ƙasa ya ƙara layin da ya fi ƙona mata rai: wai abin da ya fi damunsa shi ne bai ji kansa ba lokacin da yake karatun, wato ke nan ya daɗe yana yi, su kuma suna rufa masa asiri don tausayi. Ya ce zai mayar wa mutanen littafinsu ranar Juma'a, su nemi mai lafiyar harshe.

Washegari ta kira Yayanta. A gidan Injiniya ake ce masa, tun wata shekara da ya kwance fankar ɗaki ya mayar da ita ta tashi, ko da yake noti uku sun rage a hannunsa. Ya iso yana naɗe hannun riga, ya ce ai abin ba wani abu ba ne, datti ne ya cika mata ciki, shi ya san maganinta. Ya sauko da wata manhaja mai hoton tsintsiya, irin masu alkawarin share kwamfuta su mayar da ita sabuwa. Manhajar ta yi ta juya wata ƙawanya, sannan ta rubuto da jan rubutu cewa ta gano matsaloli dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu. Injiniya ya juyo yana murmushi kamar shi ya haife su. Ya danna, jan ya koma kore, ya ce a kunna.

Aka kunna. Muryar Baba ta ce ta-ta-ta-tattabara, ta tsaya cak kamar an shaƙe ta, sannan ta kwaso sauran jimlar a guje. Injiniya bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ce a yi adalci, ita tattabara ai dama da i'inarta aka raɗa mata suna, haka tsattsewa, haka fiffike, littafin ne ba a zaɓa da kyau ba. Shi kaɗai ya yi dariya. Baba ya tashi ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Auta ta raka Yayan nata bakin mota tana haɗiye maganganu, shi kuwa har ya tayar da mota yana leƙowa ta taga yana ce mata ta kashe ta kunna, in bai yi ba ta sake kashewa ta kunna.

Ranar Laraba ta ɗauki abin da kanta. Ta kashe ta kunna har sau biyar. Ta goge hotunan da ba a buƙata, ta goge waƙoƙi, ta cire makirufo ta mayar, ta canza masa rami. Fankar da ke cikin kwamfutar tana ta huci, gindinta ya yi zafin da za a iya goge ɗankwali da shi, kibiyar nan ta kan allo kuma in ka tura ta sai ta yi tunani tukuna kafin ta motsa. Can wata dabara ta faɗo mata, ta ji daɗin kanta ƙwarai. Akwai wani bidiyo na jikar Baba, 'yar Injiniya mai shekara biyar, tana rera waƙar makaranta. Ta kira Baba ta zaunar da shi ta kunna. Yarinyar ta fara waƙa, muryarta ta sarƙe, ta maimaita gaɓa ɗaya sau huɗu. Auta ta harɗe hannu ta ce to, ita ma wannan i'ina take yi?

Baba ya daɗe yana kallon fuskar yarinyar. Idonsa ya kawo ruwa. Ya jawo takarda ya rubuta: gado ne.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Auta ta fita baranda ta tsaya tana kallon igiyar shanya, don in ta zauna a ɗakin za ta faɗi abin da ba a faɗa wa uba. Ita da take wuni tana lallashin marasa lafiya masu taurin kai, ba ta taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin wanda ya haife ta ba. Kuma a ƙarƙashin haushin tsoro ne fal, don ta ga yadda mutum ke shigewa cikin shiru, kullum ana rasa wani ɓangare nasa, ta kuma san in Juma'a ta zo ya mayar da littafin nan, ba littafin kaɗai zai mayar ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta musanya aiki da wata abokiyarta, ta sa kwamfutar a jaka, ta ce wa Baba ya ɗauko littafinsa ya sa takalmi. Ya nuna alamar ba zai je ba. Ta ce to ita ma ba za ta je aiki ba, su zauna su yi ta kallon juna har a kore ta. Ya sa takalmin.

Shagon gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani bene a layin masu sayar da waya, faɗinsa bai wuce mutum uku su zauna gwiwa na gugar gwiwa ba. Mai gyaran mace ce, ta manyanta, tabarau rataye a wuyanta da zare, gabanta ƙananan notina jere a murfin gwangwani. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta yi wa kowa murmushin ciniki ba. Auta ta zayyana mata komai, ta tsallake zancen yarintar Baba. Matar ta saurari naɗin na rabin minti, ta dubi dattijon da ke zaune ya sunkuyar da kai yana murza bangon littafi, da alama ta fahimci abin da aka tsallake. Ba ta taɓa sukundireba ba tukuna. Ta miƙa masa fensir.

"Baba, buɗe shafin farko. Zan kunna. Duk inda ka ji ta sarƙe ka sa ɗigo a kan kalmar."

Ya yi. Ɗigo bakwai ya sa a shafin. Ta komar da naɗin zuwa farkonsa ta ce ya sake, wannan karon ya ja layi a ƙarƙashi. Ya sake saurara, fensirin yana bin layuka. Da aka kai ƙarshen shafin sai ga layi tara, kuma biyu ne kawai suka faɗa inda ɗigo yake. Tattabarar da ta sarƙe ɗazu ta wuce sumul, wata kalmar da ta fita lafiya ɗazu ita ce yanzu ta kakare. Mai gyaran ta ce masa maganar da mutum ya riga ya yi tun makon jiya ba ta tashi ta sake wurin tuntuɓe, sai dai in abin da ke maimaita ta ne ke tuntuɓen. Baba ya dubi shafin, ya dubi kwamfutar. Ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar a ƙara. Aka ƙara, aka kuma ƙarawa, har shafin ya cika da zane.

Sai a lokacin matar ta sa tabarau ta buɗe jerin abubuwan da ke aiki a cikin kwamfutar. Ta matso da fuskarta, ta ce wa ya sa wannan mai tsintsiyar. Auta ta ce Yayanta, shekaranjiya. Wannan mai hoton roka fa? Shi ne dai, bara. Mai garkuwar? Auta ta tuna wani maƙwabcinsu da ya taɓa zuwa aron caja ya zauna awa biyu. Ta huɗun kuwa babu wanda ya san ta, sai da Baba ya yi gyaran murya.

"Ni ne," in ji shi, a hankali. "Ta tambaye ni cikin ladabi ko ina so kwamfutata ta yi sauri. Ban ga abin ƙi ba."

Doguwar magana ke nan, ta farko a kwana shida, amma Auta haushi bai bar ta ta yi murna ba. Ashe duk akwatin da ya fito a allo ya nemi izini, Baba eh yake danna masa, don a tarbiyyarsa ba a watsa wa mai roƙo ƙasa a ido. Mai gyaran ta nuna musu yadda masu sharar nan huɗu ke tashi duk bayan 'yan mintoci su hau bincike a lokaci guda, kowacce tana ganin 'yar'uwarta ce dattin, kamar mutum huɗu na sharar ɗaki ɗaya kowa na tura wa wani shara. Kwamfutar kuma tsohuwa, ƙarfinta kaɗan ne. In suka taso ba ta da sauran numfashin da za ta riƙe murya, dole ta saki ta sake kamawa. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Auta ta ce a cire su duka, a ƙona su in ana ƙonawa, ai duk 'yan damfara ne. Matar ta tambaye ta aikin me take yi. Da ta ji, sai ta ce to, in mara lafiya ya zo mata yana haɗa maganin ciwon kai iri huɗu yana sha lokaci ɗaya, me za ta ce masa? Auta ta ce za ta yi masa faɗa. Matar ta ce daidai, amma za ta ce masa magani ƙarya ne, ya zubar da duka? Auta ta kau da kai, don ta tsani a kama ta da nata zancen.

Uku aka cire, har da ta Baba mai ladabi, wadda sai da ta tambaya sau uku ko an tabbata kafin ta yarda ta fita. Aka bar ɗaya, wadda ba ta da jan rubutu ba ta kuma ƙirga wa mutum matsaloli dubu. Da wannan manhajar ce matar ta buɗo jerin abubuwan da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfutar, guda talatin da bakwai, har da manhajar wata firinta da aka zubar shekara huɗu da suka wuce. Ta kashe su ta bar biyar. Da ita ta gano tarin tarkacen da ya cinye wurin ajiya ta share, da ita kuma ta nuna wa Auta ma'aunin zafi, ta ce amfaninta ke nan, ta nuna maka abin da ke faruwa kai ka yanke shawara, amma kar a bar ta tana shara da kanta. Sannan ta kwance gindin kwamfutar ta zaro wani curin ƙura daga bakin fankar, ta ɗora wa Baba a tafin hannu ya gani. Ta ce wannan kam babu manhajar da za ta fitar da shi.

Da aka sake kunnawa, muryar Baba ta cika ɗan shagon, mai kauri, a natse, har wani mai wucewa ya rage sauri. Sai dai wuraren nan biyu da ɗigo da layi suka haɗu, da wasu irinsu a gaba, kalmomi sun guntule, don tun lokacin naɗin na'urar ke sarƙewa ta zubar da su. Babu gyara sai an sake karatu daga farko. Baba ya ce ba komai, gobe da safe. A hanyar gida ya yi ta magana, ya yi wa direban tasi gyara a kan hanyar da ya bi, ya ce Injiniya kuma kar ya ƙara taɓa masa kaya. Auta ta jingina da kujera tana jin kanta na sarawa, ta ce a ranta gara wannan surutun sau dubu.

Da safiyar Juma'a ya ce ta zauna a ɗakin, ko wani abu zai taso. Ba ta taɓa zama kusa da shi yana karatu ba. Ta ja kujera gefensa, ta danna masa wurin naɗi, ya fara. Sai a lokacin ta lura da hannunsa na hagu a ƙarƙashin tebur. Yatsansa yana bugun gwiwarsa a hankali, bugu ɗaya ga kowace gaɓa, ba ya fashi. Kafin kowace jimla yakan ja numfashi ya riƙe, ya sake shi tare da kalmar farko. Jijiyar wuyansa a miƙe take. Ita da ta tashi tana ganin magana a bakin mahaifinta kamar ruwan famfo ce, yau ta ga aiki ne yake yi, kuma da alama kullum haka yake yi.

A shafi na tara, inda ake bayanin yadda tsuntsu ke gane hanyar sheƙarsa, yatsan ya tsaya. Leɓensa ya buɗe, sauti bai fito ba. Haɓarsa ta yi rawa. Ya ce ko, ya ce ko, ya runtse ido, sannan kalmar komawa ta fito da ƙyar. Fankar kwamfutar ko motsi ba a ji. Yatsan ya ci gaba da bugu, shi ma ya ci gaba, har ya kai ƙarshen babin.

Suka saurara tare. Shafi takwas suka wuce tas. Da aka zo wurin, Auta ta riga shi kai hannu kan linzamin kwamfutar. Bakinta ya fara tun kafin ta yi shawara da zuciyarta, ta ce ƙila dai akwai sauran gyara, matar nan ma ta ce na'urar ta tsufa, amma ba komai, daƙiƙa biyu ne, yanzu za ta yanke wurin babu wanda zai sani.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Kar ki ɗora wa na'urar. Ta sha zargi ya isa. Wannan tawa ce."

"Baba, in suka ji fa?"

"Su ji. Shekara hamsin ina riƙe da ita ban bari ko ku kun ji ba, har na kai ban iya bambanta ta da ta na'ura. Yanzu na ji ta, ɗaya ce a shafi goma sha biyu. Bar ta a wurin."

Ta so ta yi gardama. Kwana biyar ta yi tana faɗa da shi, da Yayanta, da wata baƙar kwamfuta, duk don ta tabbatar masa babu komai a harshensa, ga shi ita ce yanzu ke neman yi masa ƙaryar da ya zarge su da ita. Kunya ta kama ta, da tausayi. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin nasa, ta goge ido da bayan hannu, ta nuna masa inda ake turawa. Ya gyara zaman tabarau ya danna da kansa.